Jan DeGaetani: Mawaƙiyar da ta rera sabbin waƙoƙin ƙarni na 20, ta kuma horar da magada

Jan DeGaetani mawaƙiya ce kuma malamar koyar da waƙa 'yar ƙasar Amurka, wadda ta rayu daga shekarar 1933 zuwa 1989. Ta yi fice a fannin kiɗan kalasik, wato kiɗan Turawa da ake rubutawa a takarda ana kuma koyonsa a makaranta, musamman ɓangarensa na zamani, wanda mawaƙa da yawa na lokacinta suke gudu saboda wuyarsa. Ita ce ta fara rera wasu daga cikin manyan ayyukan George Crumb da Elliott Carter da Peter Maxwell Davies a bainar jama'a, sannan ta shafe shekara 16 tana koyarwa a Makarantar Kiɗa ta Eastman da ke birnin Rochester a jihar New York.

Ana tunawa da ita kan abu biyu. Na farko, ta nuna cewa waƙar da aka rubuta jiya, komai sarƙaƙiyarta, ana iya rera ta da daɗin murya da natsuwa irin wadda ake ba waƙar da ta shekara 200. Na biyu, ta damƙa wannan ilimi ga ɗalibai waɗanda daga baya suka zama manyan mawaƙa da malamai.

Matsayin mawaƙi a kiɗan kalasik

Kafin a fahimci aikin DeGaetani, sai an san yadda aka raba aiki a wannan fanni. Saɓanin abin da aka fi sabawa da shi a ƙasar Hausa, inda mawaƙi ke tsara waƙarsa ya kuma rera ta da kansa, a kiɗan kalasik mai tsarawa daban ne, mai rerawa daban. Mai tsara kiɗa yakan ɗauki baitocin wani marubuci, ya rubuta musu kari da sauti da wasu alamomi na musamman, ya fayyace tsayin kowane sauti da tsawon lokacinsa da ƙarfinsa. Daga nan sai ya jira mawaƙin da zai karanta takardar ya mayar da ita sauti. Idan bai samu ba, aikin yakan zauna a aljihun tebur. Idan kuwa ya samu wanda ya rera shi ba daidai ba a karon farko, masu sauraro da masu sharhi sukan ɗora laifin a kan waƙar, kuma da wuya a sake neman ta.

Wannan matsala ta ƙaru a ƙarni na 20. Daga wajen shekarar 1908, Arnold Schoenberg ɗan ƙasar Ostiriya da almajiransa suka fara barin tsohon tsarin da Turawa suka ɗaruruwan shekaru suna bi, wanda a cikinsa kowace waƙa take da sauti guda da take komawa gare shi kamar gida. A sabon salon babu wannan gida. Murya takan yi tsalle daga ƙasa can zuwa sama can ba tare da tsani ba, kuma kayan kiɗan da ke rakiya ba sa nuna wa mawaƙi hanya. Mai kaɗa piyano yana iya danna maɓallin da aka rubuta sauti ya fito daidai, amma mawaƙi dole ne ya ji sautin a cikin kansa kafin ya buɗe baki. Saboda haka malaman murya da dama suka riƙa gargaɗin ɗalibansu da su kauce wa irin waɗannan waƙoƙi, suna ganin za su iya lalata maƙogwaro. Mawaƙan da suka karɓi aikin 'yan kaɗan ne, kuma a cikinsu DeGaetani ta shiga sahun gaba.

Haihuwa da karatu

An haife ta ranar 10 ga Yuli, 1933, a garin Massillon na jihar Ohio. Sunanta na yanka Janice Ruetz, sunan DeGaetani kuwa na mijinta na farko ne, kuma da shi ta ci gaba da aiki har ƙarshen rayuwarta. Ta yi karatu a Makarantar Juilliard da ke New York, ɗaya daga cikin manyan makarantun kiɗa na Amurka, a hannun Sergius Kagen, malami haifaffen Rasha wanda makaɗin piyano ne kuma masanin waƙoƙin Turai.

Muryarta irin wadda ake kira mezzo-soprano ce, kalmar Italiyanci da ke nufin muryar mace matsakaiciya, wadda ba ta kai mafi siririya tashi sama ba, ba ta kuma kai mafi kauri sauka ƙasa ba. Amma faɗin zangon muryarta ya wuce na yawancin masu irin wannan murya, abin da ya sa masu tsara kiɗa suka sami sararin rubuta mata abin da wasu ba za su iya ba.

Hanyar da mawaƙa suka fi bi don samun suna da kuɗi ita ce opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa a manyan zauruka. DeGaetani ba ta cika shiga opera ba. Ta zaɓi aiki da ƙananan ƙungiyoyin makaɗa da kuma rera waƙa tare da mai piyano guda. A farkon aikinta ta rera waƙoƙin Turai na zamanin da, waɗanda suka girmi opera kanta, a lokaci guda kuma tana rera waɗanda tawadarsu ba ta gama bushewa ba.

A farkon shekarun 1960 madugun makaɗa Arthur Weisberg ya kafa wata ƙungiya a New York mai suna Contemporary Chamber Ensemble, wadda aikinta shi ne kaɗa sabbin ayyuka. DeGaetani ta zama mawaƙiyar da ƙungiyar ta fi dogaro da ita. Makaɗin piyanon ƙungiyar shi ne Gilbert Kalish, wanda suka yi kimanin shekara 30 suna aiki tare.

Faifan Pierrot lunaire

Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fito da sunanta shi ne Pierrot lunaire na Schoenberg, wanda aka fara gabatarwa a birnin Berlin na Jamus a watan Oktoba na 1912. Aikin ya ƙunshi gajerun waƙoƙi 21 na Albert Giraud ɗan ƙasar Beljiyam, waɗanda aka fassara zuwa Jamusanci, tare da makaɗa biyar. Wahalarsa tana cikin abin da Schoenberg ya nema daga murya: wani salo tsakanin magana da waƙa, inda za a taɓa sautin da aka rubuta sannan a sake shi nan take, murya ta zame sama ko ƙasa kamar ta mai magana. Tun daga 1912 ake saɓani kan yadda ya kamata a yi shi. Wasu sukan mayar da shi ihu da wasan kwaikwayo su yi watsi da sautukan da aka rubuta, wasu kuma su rera shi kamar kowace waƙa.

A farkon shekarun 1970 kamfanin faifai na Nonesuch, ƙarƙashin jagorancin Teresa Sterne, ya fitar da faifan DeGaetani na wannan aiki tare da ƙungiyar Weisberg. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ta riƙe sautukan da aka rubuta daidai, ta kuma bar kalmomin suka fito sarai, ba tare da ƙarin gishiri ba. Har yau ana lissafa shi cikin faya-fayan da ake auna sauran da su. Nonesuch a wancan lokaci yana sayar da faya-fayansa da rahusa, don haka ɗalibai da matasa da yawa ta wannan hanya suka fara jin irin wannan kiɗa.

Ita da George Crumb

Babu mai tsara kiɗan da sunansa ya haɗu da nata kamar George Crumb, wanda aka haifa a jihar West Virginia a 1929, ya koyar a Jami'ar Pennsylvania, ya kuma sami lambar yabo ta Pulitzer a 1968. Crumb ya shafe shekaru yana sa wa baitocin Federico García Lorca kiɗa. Lorca shi ne marubucin ƙasar Sifaniya da aka kashe a 1936, a farkon yaƙin basasar ƙasar. Tun tsakiyar shekarun 1960 DeGaetani take rera ayyukan Crumb, ciki har da jerin da ya kira Madrigals da kuma Night of the Four Moons, wanda ya rubuta a 1969 lokacin tafiyar kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Ancient Voices of Children, ma'ana tsofaffin muryoyin yara, wanda Crumb ya rubuta yana da muryarta a zuciya. An fara gabatar da shi ranar 31 ga Oktoba, 1970, a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington, Weisberg yana jagorantar makaɗa. Aikin yana da waƙoƙi biyar da Sifaniyanci, da kiɗa zalla sau biyu a tsakani. Kayan kiɗan sun haɗa da obo, wani abin busa ɗan'uwan algaita, da mandolin, da babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake kira harp, da piyanon da aka sa wa lasifika, da ƙaramin piyano na wasan yara, da zarto da ake goga wa izga ya yi kuka, da duwatsun addu'a na mutanen Tibet.

A farkon aikin mawaƙiyar takan sunkuya ta rera waƙa cikin buɗaɗɗen piyano, yayin da makaɗin ya saki tsirkiyoyinsa. Sai tsirkiyoyin su ɗauki muryar su riƙa amsa ta, sautin ya daɗe yana yawo a zauren bayan ta yi shiru. A wannan sashe babu kalmomi da farko, sai gaɓoɓin sauti, da kaɗa harshe, da raɗa, da sautukan da suke faɗawa tsakanin matakan da piyano ke da su. Akwai kuma yaro mai siririyar murya da ke amsa mata daga bayan dandamali, ba a ganinsa sai a ƙarshe, lokacin da yake fitowa ya tsaya kusa da ita. Yaron da ya yi wannan aiki a karon farko shi ne Michael Dash. Hatta takardar kiɗan ta bambanta, domin a wani sashe Crumb ya rubuta layukan a zagaye kamar ƙawanya.

Faifan da Nonesuch ya fitar a 1971 ya sami karɓuwa irin wadda ba a saba ganin sabon aikin kalasik ya samu ba. Ya tabbatar wa kamfanoni da masu shirya taruka cewa akwai masu son jin sabon kiɗa idan an gabatar da shi yadda ya kamata. A 1979 Crumb ya sake rubuta wa DeGaetani da Kalish wani aiki mai suna Apparition, a kan baitoci daga marsiyyar da Walt Whitman ya rubuta bayan kisan Shugaba Abraham Lincoln.

Sauran masu tsara kiɗa

Bayan nasarar 1970, masu tsara kiɗa daga Amurka da Birtaniya suka riƙa kawo mata aiki. A 1973 ta fara rera Stone Litany na Peter Maxwell Davies a ƙasar Sukotland. Kalmomin wannan aiki an ɗauko su ne daga rubuce-rubucen da mayaƙan teku na arewacin Turai suka sassaƙa a bangon wani tsohon kabari mai suna Maeshowe a tsibiran Orkney, cikin tsohon harshensu. Jacob Druckman ya rubuta mata Lamia, aikin murya da babbar ƙungiyar makaɗa. A 1976 ta rera Visions of Terror and Wonder na Richard Wernick a Bikin Kiɗa na Aspen, aikin da ya ci lambar Pulitzer a shekarar da ta biyo baya.

A watan Disamba na 1978, lokacin da Elliott Carter ke cika shekara 70, ta shiga gabatarwar farko ta aikinsa Syringa a New York. A cikinsa mawaƙa biyu suna rera abu biyu daban a lokaci guda: ita tana rera waƙar John Ashbery da Ingilishi, namiji mai kaurin murya, Thomas Paul, yana rera tsofaffin nassoshin Girkanci, kowanne da nasa gudun. Aiki irin wannan yana buƙatar mawaƙin da zai riƙe nasa layi ba tare da ya daina sauraron abokinsa ba.

Tsofaffin waƙoƙi

DeGaetani ba ta yarda a tsare ta a fanni guda ba. Tare da ƙungiyar Waverly Consort ta naɗi waƙoƙin Sifaniya na ƙarni na 13. Tare da Kalish ta naɗi waƙoƙin Franz Schubert da Hugo Wolf na ƙarni na 19, da na Charles Ives, Ba'amurken da ya yi aikin inshora da rana yana rubuta kiɗa da dare, wanda ba a san darajar ayyukansa ba sai a ƙarshen rayuwarsa. A 1972 ta fitar da faifan waƙoƙin Stephen Foster, mai tsara waƙoƙin da Amurkawa ke rerawa a gidajensu a tsakiyar ƙarni na 19, tare da Leslie Guinn da Kalish, da tsofaffin kayan kiɗa na Cibiyar Smithsonian. Ta kuma naɗi waƙoƙin Cole Porter na dandalin wasanni. A 1988 ita da Kalish suka fitar da Songs of America, tarin waƙoƙin Amurkawa daga zamanin Foster zuwa nata.

Wannan faɗi na aikinta shi ne amsarta ga masu cewa sabon kiɗa yana kashe murya. Wadda ta rera Crumb da Carter ita ce dai ta rera Schubert, da murya guda, da kula iri guda ga ma'anar kalmomi. Ta haka ta nuna cewa sabo da tsoho sana'a ɗaya ce, kuma mawaƙin da ya ƙware a ɗayan yana ƙara ƙarfi a ɗayan.

Koyarwa a Eastman da Aspen

A 1973 aka naɗa ta farfesar koyar da waƙa a Makarantar Eastman, wadda George Eastman, mai kamfanin Kodak, ya kafa a 1921 a matsayin sashe na Jami'ar Rochester. Ta riƙe wannan matsayi har rasuwarta. Tun farkon shekarun 1970 kuma takan yi lokacin bazara tana koyarwa da rera waƙa a Aspen, wani gari a tsaunukan jihar Colorado inda ɗaliban kiɗa daga ƙasashe da dama ke taruwa kowace shekara. Mijinta na biyu, Philip West, mabushin obo ne, shi ma malami a Eastman.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ta ba muhimmanci shi ne mawaƙi ya iya karanta takardar kiɗa da kansa, ya rera abin da bai taɓa ji ba. Wanda ya dogara da kwaikwayon faifai ba zai iya karɓar sabon aiki ba, tunda babu faifan da zai saurara. A 1980 ta haɗa hannu da Norman Lloyd da Ruth Lloyd suka wallafa littafin The Complete Sightsinger, wanda ke koyar da wannan fasaha da misalai daga zamuna daban-daban na kiɗan Turai.

Jerin waɗanda suka yi karatu a hannunta ya nuna tasirinta. Dawn Upshaw, wadda ta koya a wurinta a Aspen, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu rera sabbin ayyuka a zamaninta. Faifanta na 1992 na Simfoni ta Uku ta Henryk Górecki ɗan ƙasar Folan, wanda shi ma Nonesuch ya fitar, an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, kuma daga baya ta jagoranci shirin horar da mawaƙa a Kwalejin Bard. Renée Fleming, wadda ta yi suna a manyan zaurukan opera na duniya, ita ma ta zauna gabanta a Aspen. Lucy Shelton ta bi sawunta wajen ƙwarewa a kiɗan zamani da koyar da shi a New York. William Sharp ya zama malami a Makarantar Peabody da ke Baltimore, Milagro Vargas kuma ta yi shekaru a gidan opera na Stuttgart a Jamus kafin ta koma koyarwa a Jami'ar Oregon. Hanyoyin da waɗannan ɗalibai suka bi sun sha bamban, daga opera zuwa ƙananan ƙungiyoyi, alamar cewa ba ta tilasta musu su zama irinta ba.

Rashin lafiya da faifan ƙarshe

A shekarunta na ƙarshe ta kamu da sankarar jini, amma ta ci gaba da koyarwa da rera waƙa gwargwadon ƙarfinta. A watan Mayu na 1989 ta shiga ɗakin naɗar sauti a karo na ƙarshe. Abin da ta zaɓa tsofaffin ayyuka ne: Les nuits d'été na Hector Berlioz ɗan Faransa, waƙoƙi shida a kan baitocin Théophile Gautier, da wasu waƙoƙin Gustav Mahler, ciki har da waɗanda ya yi a kan baitocin Friedrich Rückert. Ɗaya daga cikinsu tana magana ne kan mutumin da ya janye daga hayaniyar duniya ya sami hutu. An saba jin waɗannan ayyuka da babbar ƙungiyar makaɗa, amma Philip West ya sake tsara su don ƙaramar ƙungiya, makaɗan Eastman suka kaɗa, David Effron ya jagoranta, kamfanin Bridge ya fitar da faifan.

Ta rasu ranar 15 ga Satumba, 1989, a Rochester, tana da shekara 56.

Abin da ta bari

Ayyukan da ta fara rerawa ba su mutu tare da ita ba. Ancient Voices of Children ya shiga jerin ayyukan da ake koyarwa a makarantun kiɗa, mawaƙa da dama sun rera shi sun kuma naɗe shi bayanta, kuma galibi faifanta suke fara saurara. Crumb ya rayu har zuwa 2022, Carter kuwa ya rasu a 2012 yana da shekara 103, dukkansu suna rubuta wa murya sabbin ayyuka har tsufansu, kuma akwai mawaƙan da aka horar su karɓe su.

Faya-fayanta suna nan a kamfanonin Nonesuch da Bridge, da yawansu kuma ana samunsu a manhajojin sauraron kiɗa na intanet. Ga mai son sanin aikinta, faifai uku sun isa mafari: na Crumb na 1971, da na waƙoƙin Foster na 1972, da na Berlioz da Mahler na 1989. Tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 18 ne, waƙoƙin da ke cikinsu kuwa sun ratsa fiye da ƙarni guda.